"Kawo in ajiye maka": yadda ake koya wa yara kyauta da sanin buƙata a lokacin Sallah

Tambaya: Wata uwa ta rubuto daga Kano. Yaranta biyu ne, namiji ɗan shekara 7 da ƙanwarsa 'yar shekara 4. Ta ce tun azumi bai raba tsakiya ba suke jero mata abin da za a saya musu na Sallah, kuma komai a wurinsu dole ne, daga takalmi har tabarau da bindigar roba. In sun dawo yawon Sallah takan karɓe kuɗin da suka samu ta ajiye, gudun ɓarna. Bara ta ce su ɗebi wani abu cikin alewarsu su ba yaran wata maƙwabciya da mijinta ya rasu, sai ƙaramar ta kama birgima tana kuka, babban kuwa ya bayar yana ƙunƙuni. Tana so ta san yadda za ta koya musu kyauta, da bambance abin da ake buƙata da abin da rai kawai ke so, ba tare da Sallar ta koma ranar faɗa ba.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raya miki su, ya sa musu albarka. Na daɗe ina koyar da 'yan nazare da 'yan ajin farko na firamare, kuma abin da kika bayyana shi ne halin mafi yawan yaran da suka ratsa ta hannuna. Birgimar 'yar shekara 4 a kan alewa ba rowa ba ce, shekarunta ne. A 2008 wani masani na Jami'ar Zurik a Suwizalan, Ernst Fehr, shi da abokan aikinsa sun gwada yara sama da 200 da alewa. Ana ba yaro zaɓi, ko ya kwashe biyu shi kaɗai, ko ya ɗauki ɗaya a ba wani yaron ɗaya. Cikin 'yan shekara 3 zuwa 4, waɗanda suka yarda a raba ba su kai ɗaya cikin goma ba. Cikin 'yan 7 zuwa 8 kuwa sun kusa rabi. Ke nan ƙaramarki tana tafiya daidai da sa'o'inta, shi kuma yayanta yana kan gaɓar da magana ke fara shigarsa.

Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne inda kika ce kikan karɓe kuɗin ki ajiye. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san "kawo in ajiye maka", kuma ya san inda kuɗin ke ƙarewa: cefane, ko zubin adashi, ko wani ankon da ya taso. Ba zarginki nake ba, da yawanmu haka aka yi mana, kuma halin da ake ciki na tsadar kaya ya isa ya sa uwa ta kalli kuɗin barka da Sallah da idon cefane. Sai dai ki dubi abin da hakan ke haifarwa. Yaron da bai mallaki komai ba ba shi da abin bayarwa. In kika ɗauki alewarsa kika miƙa wa wani, ke ce kika yi kyautar, shi a ganinsa ƙwace aka yi masa, kuma abin da zai riƙe ke nan, cewa kyauta ita ce a raba ka da abinka kana ji kana gani. Haka nan yaron da kuɗi bai taɓa ƙarewa a hannunsa ba ba zai gane bambancin buƙata da sha'awa ba, don a saninsa aljihun Baba ba ya bushewa, in an hana shi to an ga dama ne kawai. Bambancin nan ba ya fitowa sai ranar da abu biyu suka tsaya a gabanka, kuɗinka kuwa na ɗaya ne.

Akwai kuma batun amana. A Jami'ar Rochester ta Amurka, wata mai bincike, Celeste Kidd, ta yi wani gwaji da yara 'yan shekara 3 zuwa 5 wanda aka fitar da sakamakonsa a 2012. An ba kowane yaro tsofaffin kayan zane, aka ce ya jira za a kawo masa sababbi. Rabin yaran an cika musu alkawari, sauran kuwa aka dawo hannu rabbana aka ba su haƙuri. Bayan haka aka ajiye wa kowa alewa ɗaya, aka ce in ya jira bai ci ba za a ƙara masa wata. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kusan minti 12 a matsakaici, waɗanda aka saɓa wa kuwa kusan minti 3. Saboda haka yaron da ya saba in an ce "kawo in ajiye maka" shi da kuɗin sai a lahira, ranar da ɗari biyu ta shiga hannunsa kai tsaye zai zarce shago. Kada ki ce masa almubazzari. Lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

To ki bar musu kuɗinsu, amma da tsari. Ki samo wa babban asusu, na ƙasa irin na masu tukwane ko gwangwanin madara da aka huda murfinsa. In ya dawo yawon Sallah ku zauna a tabarma ya zazzage aljihu, ya ƙirga da kansa, ya kasa uku: na kashewa, na asusu, na kyauta. Nawa zai sa a kowanne, ki ba shi shawara, amma ki bar hannunsa ya yi rabon. In wani kawu ya yi bajinta ya ba shi kuɗi mai kauri da bai kamata ya zauna a hannun yaro ba, ki karɓa, amma ki rubuta a littafi a gabansa, da kwanan wata, ya ga sunansa a saman shafin. In rana ta ɓaci kika taɓa, ki ce masa "ranta mini", ki kuma biya a ranar da kika faɗa, ko da kaɗan-kaɗan ne. Wannan littafin ya fi wa'azin wata guda aiki.

Ita ƙaramar ba ta kai nan ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 6 yawa yake gani, ba ƙima ba. Ki ajiye mata naira 500 guda a hannun dama, 'yan ashirin-ashirin guda biyar a hagu, za ki ga inda za ta kai hannu. Don haka da ita kada ki yi maganar adadi. Ki yi aiki da abin da take iya gani ta ƙirga a yatsu: dabino, cincin, alewa. In kina so ta yi ajiya, robar da ake hango abin da ke ciki ta fi mata asusun ƙasa, don abin da ba ta gani a wurinta ya tafi.

Sai batun buƙata da sha'awa. Ni ba na kasa abin gida biyu, don kashi biyu yakan sa yaro ya ɗauka ɗaya halal ne ɗaya abin kunya. Malamanmu na usulu, wato ilimin tushen fiƙihu, sun daɗe da kasa shi uku, kuma wanda ya fi shahara da faɗaɗa bayanin shi ne Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388: akwai larura, wadda in babu ita rayuwa ta lalace, akwai buƙata, wadda in babu ita za a rayu amma cikin ƙunci, akwai kuma abin ƙawa. Ba sai kin ambaci ko ɗaya cikin sunayen nan ga ɗan shekara 7 ba. Tambaya ɗaya ta isa, ki riƙa maimaita ta har ta zama tasa: "In babu shi, me zai faru?" In babu ruwa da abinci da magani, a cutu. In babu takalmin makaranta, a je amma a sha wuya. In babu tabarau, ba abin da zai faru sai rai ya ɗan sosu. Ki kai shi sito ko kicin, ki jera masa shinkafa, gishiri, sabulu, maganin sauro, sukari, lemon kwalba, ya kasa su da kansa. Za ku yi gardama a kan sukari, kuma gardamar ita ce karatun. Ki shirya kuma, don wata rana zai juyo da tambayar kanki, ya ce in babu ankon bikin nan me zai faru. Ki ba shi amsa ta gaskiya, ki yi dariya, ki ce wannan na ƙawa ne, shi ya sa sai da aka sayi abinci tukuna.

Kada ki ce masa kayan Sallah ba dole ba ne. A wurin yaro, fita ranar idi da tsohon kaya alhali duk layin sun sha sabo ba ƙaramin abu ba ne, kuma yin ado ranar idi abu ne da addini ya so. Kala ɗaya ta kusa zama buƙata, ta biyu da ta uku ne ƙawa. Haka takalmi: ga wanda nasa ya tsinke buƙata ne, ga mai biyu a ƙarƙashin gado sha'awa ce. Abin bai canja ba, halin mai shi ne ya canja, kuma in babbanki ya kama wannan ya kama mafi wuyar darasin. Sha'awar ma ba laifi ba ce. A Suratul A'arafi, ayar da ta ce ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, ayar da ke bin ta ita ce ke tambaya wa ya haramta ƙawar da Allah ya fitar wa bayinsa. Abin da ake koya wa yaro shi ne wanne ke gaba wanne ke baya, ba wai ya daina so ba. In ya ce yana son agogo, amsar ba "kai dai ka cika kwaɗayi" ba ce. Ki ce: "Yana da kyau kuwa. Cikin kuɗinka za ka saya ko za mu rubuta shi sai babbar Sallah?"

Ba na ba ki shawarar ki ja yara zuwa Kantin Kwari a goman ƙarshe, cunkoson ya fi ƙarfinsu, ke ma da ƙyar. Teburin mai kayan wasa na bakin layi ya isa. Ki raka babban da kason nan nasa na kashewa. Zai ɗauki tabarau ya maƙala, ya ɗaura agogon roba, ya rungumi bindiga, mai kaya ya faɗi kuɗi, sai ya ga kuɗin da ke hannunsa ba za su sayi duka ukun ba. Zai ɗago ya dube ki. A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mafi yawan iyaye ke karaya su buɗe jaka su cika. Kada ki cika, kada kuma ki zaɓa masa. Ki bar shi ya juya su, ya ajiye wannan ya sake ɗauka, ya tambayi mai kaya ko akwai ragi. Wataƙila bindigar zai zaɓa, ta kuwa karye tun kafin a yi hawan Daushe. In ya zo yana hawaye ki rarrashe shi, amma ki haɗiye "ai na gaya maka", kada kuma ki sayo wata. Ki kuma ja kunnen mahaifinsu da kakarsu tun da wuri, don in kina hanawa ta ƙofa ana miƙawa ta taga, wahalar banza kike.

Game da kyauta kuwa, ba sai kin ƙirƙiro komai ba, zakkar fidda kai tana nan, kuma ban san wata hanya da ta fi ta dacewa da hankalin yaro ba. Hadisin Ibn Umar ya ce an wajabta ta a kan babba da yaro, namiji da mace, sa'i ɗaya kowane kai. Ke nan yaranki suna ciki da sunansu, ba 'yan kallo ba ne. Gidaje da yawa yanzu maigida ne ke aikawa daga kasuwa ko ya tura kuɗi a saya a raba, yara ba su ma san an yi ba. Ki roƙi Babansu bana a auna a gida. A shimfiɗa tabarma, a kawo buhu da mudunnabi, wanda ba mudun kasuwa ba ne, ƙarami ne, kimanin cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum. A kira sunan kowa, a auna masa huɗu, abin da zai kama wajen kilo biyu da rabi zuwa uku gwargwadon irin hatsin. Na Baba, na Mama, na Yaya. In an zo kan nasa, shi zai auna, yana ƙirgawa da ƙarfi. Ƙaramar ta riƙe bakin leda, za ta zubar, a tsince. A fitar daga abin da gidan ke ci: in shinkafa kuke ci, ba a koma a nemo tsohuwar dawa.

Ko ba daɗe ko ba jima ɗayansu zai tambaya me ya sa hatsi ake bayarwa ba alewa ba. To ga darasin buƙata ya kawo kansa. Ki mayar masa da tambayarsa ta kicin: gidan da ba su da abin ɗorawa ranar Sallah, in babu alewa me zai faru, in babu shinkafa fa? Hadisin Ibn Abbas ya ce zakkar fidda kai tsarki ce ga mai azumi kuma ciyarwa ce ga miskinai, kuma wanda ya bayar bayan an sauko idi ta zama sadaka kamar sauran sadakoki. An yarda a fitar da kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah, kuma hakan ya fi wa mai karɓa amfani, ya sami damar kai niƙa ko ya sayar da wani abu ya yi cefane. Ki bar babban ya raka mahaifinsa kaiwa, ya ɗauki ledar da ya auna.

Wannan wajibi ne, ba a shawara da yaro a kansa. Kyautar ganin dama kuwa sai da zaɓi. A Jami'ar Cornell, wasu masu bincike biyu, Nadia Chernyak da Tamar Kushnir, sun nuna a 2013 cewa 'yan shekara 3 zuwa 4 da aka bar wa zaɓi, ko su riƙe abu ko su bayar, suka bayar da kansu, sun fi sakin hannu daga baya a kan waɗanda aka umarta su bayar. Don haka maimakon "ɗebi ki ba su", ki ɗora mata cincin biyar a faranti ki ce: "Zan kai wa su wance nawa. Ke za ki sa naki? Guda nawa?" In ta sa ɗaya, ki karɓa da fara'a, kada ki ce ɗaya tal. In ta ƙi, ki ƙyale ta, ki kai naki tana gani, gobe ki sake tambaya. Kada ki kira ta marowaciya, ko da wasa, musamman gaban baƙi. Yara kan ɗauki sunan da aka laƙaba musu su zauna a cikinsa.

Kada kuma ki biya su ladan kyauta. An gwada wannan a Jamus da yara 'yan wata 20, Felix Warneken da Michael Tomasello suka wallafa a 2008: waɗanda aka riƙa ba abin wasa duk lokacin da suka taimaka, da aka daina ba su sai taimakon ya ragu, waɗanda ba a ba komai ba kuwa suka ci gaba. Tukwicin da maƙwabta ke ba yaron da ya kai kwanon tuwon Sallah daban ne, al'ada ce mai kyau, kuma daga hannun wani ya fito. Abin da nake hanawa shi ne "in ka ba shi zan saya maka wata babba", wannan ciniki ne. "Allah ya yi maka albarka" ta wadatar, sai ki ƙara da abin da ya faru: ka ga yadda ya yi ta juya motar wasan da ka ba shi?

Sai mutuncin wanda aka ba, wanda a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Yaro ba shi da sirri. Zai iya tsayawa tsakiyar layi ya ce "wannan rigata ce Mama ta ba shi", yaron da ke sanye da ita kuwa ba zai manta ba har ya girma. Ki koya musu tun yanzu cewa abin da aka bayar ya zama na mai shi, ba a nuna shi, ba a sake zancensa. Alƙur'ani ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, ya kuma hana nufar mummuna a bayar, abin da kai kanka ba za ka karɓa ba sai ka runtse ido. Saboda haka in za a fitar da kayan da suka yi musu kaɗan, su taya ki zaɓe, mai yagewa da mai tabo a ware, sauran a wanke a goge a ninke. Ɗaukar hoton yaro yana miƙa wa almajiri abinci a ɗora a WhatsApp ko Facebook kuwa, ki rufa wa kanki asiri ki bar shi. Yaron zai koyi cewa kyauta sai da kyamara, almajirin kuma ba wanda ya nemi izininsa.

Game da marayun maƙwabciyarki, ni da zan ba ki shawara, babban abin ya bi ta hannun uwarsu, cikin sirri, kuma da wuri. Yadi ko atamfa da aka kai a goman farko, haɗe da kuɗin ɗinki, ya fi wanda aka kai ana jibi Sallah, lokacin da teloli sun daina karɓa. Babbanki zai iya sa wani abu daga kason kyautarsa a cikin kuɗin ɗinkin, ya san ya sa, ya kuma san ba a faɗa. Ranar Sallah kuwa kwano ya zaga kowane gida a layin, mai shi da marar shi, yadda ba wanda zai ji an ware shi. In ita ma ta aiko da nata, ko wainar gero ce guda biyar, ki karɓa hannu bibbiyu, ki zuba wa yaranki su ci, ki ba ɗan aiken tukwici kamar kowa.

Tsakanin ƙaramar Sallah da babba kwana 70 ne ko kusa da haka, kuma wannan daidai ne da abin da ɗan shekara 7 zai iya jira in yana da abin da yake hari. Ku rubuta agogon nan a littafinsa, duk Juma'a ya girgiza asusun ya ji nauyinsa, a fasa ana saura kwana biyu ko uku layya. Wataƙila ya sayi agogon, wataƙila kuma kafin lokacin ya fita ransa ya koma son ƙwallo. Ita ƙaramar kwana uku ma ya yi mata nisa, daga safe zuwa la'asar ya isa. In an yanka rago ana kason nama, ki ba babban dama ya ambaci gida biyu ko uku da yake ganin ya kamata a kai wa, ki tambaye shi dalili, sannan shi zai ɗauki kwanon.